Kwana biyu a kan keke babu hon ɗin mota a bayana

Ni dai a Jos na koyi keke, a kan wani tsohon Phoenix na kawuna wanda ƙafata ba ta kaiwa feda sai na zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ina tafiya a karkace kamar kaguwa, kuma duk wanda ya koyi keke a garinmu ya san rabin tuƙin da kunne ake yinsa. Kunnenka kullum yana baya. Ka ji ɗan acaɓa, ka ji tifar yashi, ka ji mai tasin da ya danne hon tun daga Terminus kamar babansa ne ya zuba kwaltar. Yanzu shekaruna da dama a Padova ta ƙasar Italiya, garin da tsofaffin mata ke zuwa cefane a keke hankalinsu kwance, amma wallahi har yau in na hau keke wuyana ba ya hutawa, duk bayan ɗan lokaci sai na waiga. To wannan waigen ne ya bar ni na kwana biyu a tsaunukan Dolomiti, shi nake so in ba ku labari.

Keken ma ba nawa bane, aro ne. Wani abokin aikina ɗan Italiya ya ba ni, irin wanda suke ce wa girabel, ni kuma keken burji nake ce masa don shine ainihin aikinsa. In ka gan shi daga nesa kamar keken tsere ne, ga lanƙwasasshen kai ga rashin nauyi, amma tayarsa ta fi kauri, wajen milimita 40, tana da ƴan haƙora ƙanana, birkinsa kuma na faifai ne irin na babur. Yana tafiya a kwalta yana tafiya a tsakuwa, ba ya zaɓe. Abokin tafiyata kuma Yaya ne, ɗan zangon Kumasi, ya girme ni nesa ba kusa ba, muna aiki waje ɗaya, shi tun a gida ya faɗa min gaskiya yace ƙanina ni gwiwata ta gama aiki a fakitori, in mun je can keken batir zan yi haya, kai ka je ka kashe kanka.

Da na kira Umma na faɗa mata zan tafi yawon keke kan dutse shiru tayi na ɗan lokaci, sannan tace wato duk motocin ƙasar Turawan sun ƙare ne? Nace Umma ai inda babu motar ake nema. Tace to Allah ya shirya, ka dai riƙa addu'a.

Jirgin ƙasa muka bi, Padova zuwa Verona, daga nan muka miƙe arewa ta Bolzano har Fortezza, muka canza zuwa ɗan jirgin da ke bin kwarin Pusteria ya sauke mu a Dobbiaco. Keke shi ma da tikitinsa, kar ka manta. Abun da ya fara ɗaure min kai shine muna cikin Italiya amma mai shago da Jamusanci ya gaishe mu, allon tasha ma suna biyu ne, Toblach a sama Dobbiaco a ƙasa. Yankin nan Tirol ta Kudu ƙasar Ostiriya ce da, sai bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ba wa Italiya, kuma har yau yawancin mutanen wajen Jamusanci ne harshen gidansu, ga wasu ƴan tsiraru a kwaruruwa masu nasu yaren Ladin. Duk wani dutse da tafki yana da suna biyu, wani ma uku, in kana duba taswira a waya sai ka ɗauka wurare daban ne. Garin yana sama da mita 1,200, wato kusan tsayin Jos ɗinmu ne, shi yasa da iskar yamma ta buge ni sai naji kamar watan Disamba a gida, sai dai ba ƙura.

Hanyar da muka zo dominta tsohon layin dogo ne. Ɗan siririn jirgi ne da yake tashi daga Dobbiaco ya ratsa Cortina ya sauka Calalzo, kilomita 65, asalinsa sojoji ne suka shimfiɗa guntayen layuka lokacin yaƙi don kai harsashi da abinci bakin daga, na Ostiriya daga arewa na Italiya daga kudu, da yaƙi ya ƙare aka haɗe su aka buɗe wa fasinja a 1921, aka sa masa lantarki a 1929, ya ɗebi jama'a lokacin gasar Olamfik ta hunturu da akayi a Cortina a 1956, sannan mota ta zo ta kashe masa kasuwa. An rufe ɓangaren Dobbiaco a 1962, sauran a 1964. Suka cire ƙarafunan suka bar shimfiɗar da gadoji da ramukan da aka huda cikin dutse, yau masu keke ne a kai da rani, da hunturu kuma masu sulun ƙanƙara. Kuma kun san jirgi ba ya son hawa mai tsini, don haka hanyar a hankali take ɗagawa, ba za ka ma san kana hawa ba sai ka ji cinyarka ta fara magana.

Ina karanta wannan tarihin a wani allo sai na tuna mu ma fa muna da irinsa. Ɗan jirgin kuza da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, shi ma siriri ne, ya iso a 1914 aka rufe shi a 1957. Kakana yana ba da labarinsa, wai in ya zo hawa har mutum zai iya sauka ya bi shi da ƙafa. Da an bar shimfiɗar nan an ɗan zuba mata burji, ka taso daga Zariya a keke ka hau filato ba tirela ba tanka... to bari dai in yi shiru.

Da safe mun fito wajen ƙarfe bakwai da rabi, sanyi har yatsa ba ya lanƙwasuwa. Kuskurena na farko tun a daren jiya na tafka shi, na samu famfo na ɗura wa tayoyin iska tam irin yadda mai faci ke yi mana a gida har sai ka ƙwanƙwasa ka ji tana ƙara kamar ganga. Muna barin kwalta muka hau farar tsakuwar nan keke ya fara tsalle da ni kamar ɗan akuya, haƙorana na haɗuwa, tayar baya na zamewa. A bakin tafkin Dobbiaco na tsaya ina duba ko wani abu ne ya kwance, sai ga wata tsohuwa, wallahi ta kai sa'ar kakata, ta tsaya da nata keken ta matsa tayata da babban yatsa ta girgiza kai, ta buɗe bawul ta saki iska tsssss ba ta ko tambaye ni ba, ta yi wa ta gaba ma haka, ta ce wani abu da Jamusanci ta wuce. Yaya dariya har da riƙe ciki, yace ɗan Jos yau kaka ta koya maka keke. Amma gaskiyarta ne, a tsakuwa taya mai ɗan laushi ita ke kama ƙasa, daga nan keken ya kwanta min luf.

Daga tafkin hanyar ta shige cikin dajin itatuwan fir, kwarin ya tsuke, duwatsu farare sun miƙe dama da hagu. Kar in yi muku ƙarya, babbar hanyar mota tana nan kusa, wani wajen kana jin ƙararta ta bayan itatuwa, akwai ma inda za ka tsallaka ta. Amma a kan taka hanyar babu mai biyo ka. Ina ta waige na kamar kullum, in juya in ga ba kowa sai Yaya yana tafe yana cin dabino, in sake juyawa ba kowa, har dai wani lokaci da ban san ko yaushe bane na lura na daɗe ban waiga ba, kafaɗuna sun sauko, abun da nake ji kawai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya, ƙurus ƙurus ƙurus kamar ana taunar aya, da ruwan rafi, da numfashina. Na kai shekara talatin ina hawa keke ban taɓa jin ƙarar tayata ba.

Ba mu yi nisa ba muka iske maƙabartar sojoji a gefen tudu cikin itatuwa, Nasswand suke ce mata, sama da mutum dubu ne kwance a wajen, sojojin daular Ostiriya da Hungari. Italiya ta shiga yaƙin a watan Mayun 1915 kuma nan kwarin bakin daga ne har ƙarshen 1917, dutsen Monte Piana da ke can gaba dubban mutane suka mutu a kansa, wasu harsashi wasu sanyi wasu dusar ƙanƙara ce ta rufto musu. Yaya ya cire hular kwanonsa ya tsaya shiru, can yace ƙanina duba fa, yaran mutane. Muka wuce. Gaba kaɗan akwai wani waje da kwarin ke buɗewa ta hagu sai ka hango Tre Cime, tsaunuka uku a jere kamar duwatsun murhu, mafi tsayin cikinsu mita 2,999, mita ɗaya tak ya hana shi cika dubu uku, kowa a nan yake tsayawa ɗaukar hoto, mu ma mun yi ba sai na ɓoye ba. Sai tafkin Landro, ruwansa kore mai haɗe da fari kamar an zuba masa madara, ga dutsen Cristallo a bayansa.

A Carbonin ne muka bar layin dogo, kuma nan wahalar ta fara. Akwai wata tsohuwar hanyar soja da ta hau zuwa Prato Piazza, Plätzwiese da Jamusanci, wajen kilomita bakwai ce amma za ka ɗaga kusan mita 600. An hana motocin jama'a binta. Sojojin Ostiriya ne suka fasa ta don su kai kaya da manyan bindigogi sansaninsu na sama, shi yasa ba ta miƙe tsaye ba, lanƙwasa take ta yi tana komowa, ko'ina hawan kusan ɗaya ne, ba ta tsananta ba kuma ba ta sassauta ba, abun da alfadari zai iya ja da kaya. To ni ba alfadari bane. Na sa giya mafi sauƙi tun a kwana ta biyu, ina neman wata babu, zufa na shiga ido ga sanyi a ƙirji, tsakuwar nan kuma ta fi ta ƙasa girma, in ka miƙe tsaye kan feda tayar baya sai ta yi ta juyawa a banza, dole ka zauna a sirdi ka yi ta niƙa. Yaya kuwa ya danna maɓallinsa ya wuce ni zuuu yana cewa sannu ƙanina, Allah ya ba da lada, in na kai sama zan sa maka shayi. Na so in zage shi amma babba ne, kuma ba ni da numfashin.

Maganar keken batir ɗin nan, da ina cikin masu raina shi. Yanzu na rage. Mutum mai ciwon gwiwa da shekara kusan sittin ya hau mita 2,000 yana murmushi, me zan ce? Abun da ban so ba kawai masu saukowa a guje ne waɗanda hayar keken suka yi yau da safe ba su san birki ba, sau biyu ina matsewa jikin dutse.

Sau uku na sauka na tura, na faɗa don kar Yaya ya riga ni faɗa. Da itatuwa suka fara ƙarewa sai ga kangon sansanin sojan a gefe, ginin dutse na ƙarshen ƙarni na 19 da harsasan Italiya suka farfasa, ina zagaye shi kawai sai fili ya buɗe. Kai jama'a. Ciyawa kore shar har iya ganinka, shanu da ƙararrawa a wuya suna kiwo, ƙarar na tashi ko'ina galan galan, ga wani jan dutse Croda Rossa mai mita 3,146 tsaye a gabanka kamar an shafa masa jan ƙasa. Shanun nan ba ƙaho ba tozo, ƙatti, kuma ba su san wani abu wai shi matsawa ba, ɗaya ta kwanta a tsakiyar hanya tana tuƙa, na yi mata irin kiran da Fulanin wajenmu ke yi ta kalle ni kamar mahaukaci, ni na zagaye. Wai duk duwatsun nan ƙarƙashin teku suke shekaru miliyan 250 da suka wuce, murjani ne da ƙwanson halittun ruwa suka taru, sunan ma daga wani Bafaranshe masanin duwatsu ne Dolomieu, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2009. Ina zaune ina haki a kan tsohon ƙasan teku.

Akwai gidan saukar baƙi a wajen, rifujo suke ce wa irinsu, Yaya har ya gama shayinsa. Abinci sai ka yi hattara sosai, mutanen nan naman alade busasshe da suke kira speck a komai suke sa shi, har cikin ƙwallayen burodin nan nasu canederli, sai ka tambaya ka sake tambaya, na cuku ko na alayyahu, kuma romon da aka dafa shi fa? Yarinyar da ke kawo abinci ta gane, tace polenta da cuku da naman kaza. Polenta dai tuwon masara ne ba wani abu ba, Yaya yace da da miyar kuka da an gama magana. Muka yi alwala a wani famfon katako da ruwan dutse ke zuba ba tsayawa, ruwan da ya taɓa min ƙeya sai da na yi salati da ƙarfi, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa da rigar ruwa a matsayin darduma. Ba wanda ya kula mu sai wata saniya.

Daga nan akwai ƙarin hawa zuwa ƙololuwar Monte Specie, mita 2,307, ita ma hanyar soja ce, ka ga saura kaɗan ta kamo Chappal Waddi wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya. Na so in je. Amma gajimare ya fara taruwa ta yamma, kuma abu ɗaya da kowa ya gargaɗe ni a kai shine hadarin la'asar a tsaunukan nan, rana tsaka garau ƙarfe uku tsawa, kuma kai ne abu mafi tsayi a fili riƙe da ƙarfe. Muka juya.

A gangarowa ne taya ta ta sace. Ina cikin jin daɗi naji baya ya yi lagwaf, wani ɗan tsinin dutse ya huda ta. Ba komai ai ina da sabon tub a jaka, na ciro, ashe mai shagon da na saya a wajensa na ƙaramin keken yara ya miƙo min ni kuma ban duba kwalin ba, Allah ya isa ban ce ba amma na kusa. Yaya ya riga ya yi ƙasa, waya ba sabis. Sai na tuna da ɗan akwatin faci da mai keken ya bari ƙarƙashin sirdi. Na cire tub ɗin na ɗan hura shi, na gangara wani ɗan rafi a gefen hanya na riƙa nutsa shi kaɗan kaɗan ina juyawa ina kallo, daidai yadda mai facin bakin layinmu yake yi a cikin rabin jarkarsa mai baƙin ruwa, na zauna gabansa sau ɗari ina yaro ina jiran keken kawu, sai ga ƴan kumfa sil sil sil suna tasowa. Na goge wajen, na kankare shi da ƴar takardar yashi, na shafa gam, na jira ya sha iska har ya daina kama yatsa don in ka yi gaggawa ba zai riƙe ba, na manna na danne da dutse. Yatsuna sun mutu da sanyi amma facin ya kama. Wasu Jamusawa biyu suka tsaya suna tambaya ko ina son taimako, nace an gama.

Mun koma layin dogo, ɗan hawa kaɗan zuwa Cimabanche mita 1,530, nan ne ƙarshen hawan kuma nan ne iyakar Tirol ta Kudu da Veneto, tsohuwar tashar jirgin na nan. Daga nan gangara ce zalla har Cortina, kuma a ganina nan ne hanyar ta fi daɗi, ta rabu da titin mota ta shige daji, ka wuce tsofaffin ƴan tashoshi da tagoginsu a rufe, ka shiga rami cikin dutse mai duhu da sanyi ruwa na ɗiga maka a wuya, ka fito ka hau gada a kan kwazazzabon Felizon wanda in ka leƙa ƙasa sai cikinka ya juya. Ruwan ya same mu a nan, muka fake bakin ramin muna cin gyaɗa har ya ɗauke.

Cortina kam garin masu kuɗi ne, kofi ma sai ka duba aljihu. Mun zagaya mun ga hasumiyar cocinsu mun wuce San Vito muka kwana, ya fi sauƙi. Da magariba duwatsun suka koma ja kamar garwashi na ƴan mintuna sannan suka dushe.

Kashegari ba wani labari mai yawa, daga nan zuwa Calalzo yawanci kwalta ce kuma gangara, Antelao a hagu Pelmo a dama, ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, Borca, Vodo, Valle, wasu wuraren kana ratsa cikin gari tare da motoci na ɗan lokaci. Mai neman tsakuwa zalla zai ga kamar an cuce shi a wannan ɓangaren, ni kuwa da mazaunaina suka gama karɓar hukunci jiya ban yi ƙorafi ba. Mun wuce kusa da Pieve di Cadore garin masu yin tabarau, muka gangara tashar Calalzo tun kafin azahar.

A bakin tashar ina tura keke zan tsallaka titi wani mai ƙaramar mota ya ɗan taɓa hon, pim, ba ma da ni yake ba. Na zabura har keken ya kusa faɗuwa, wuyana ya juya da kansa. Yaya yace to, an dawo duniya. A jirgi ya yi barci tun kafin mu kai Longarone, ni kuma na zauna ina kankare farar ƙurar da ta manne a sarƙar keken mutane da tsinken sakace, don gobe Litinin zan mayar masa.